Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Balbus na Rum da Ƙasar Fazzan

Matafiyin da ya baro Sabha ya nufi kudu zuwa Murzuk zai ratsa ta wani dausayi mai itatuwan dabino da ake kira Ghuddwa. Zango ne tun zamanin ayarin raƙuma, lokacin da fatake ke ɗauko haja daga Tarabulus su sauke ta a Kano da Katsina da Kukawa. Garin ƙarami ne, ba a kuma san shi da wani suna a littattafan Rumawa ba. Amma ƙasar da yake cikinta, wato Fazzan, an taɓa zagayawa da sunanta a titunan birnin Rum, ranar 27 ga Maris, shekara ta 19 kafin Miladiyya, ana shela cewa an ci ta da yaƙi. Wanda aka yi wa wannan gagarumin hawa shi ne Lushiyas Korneliyas Balbus, wanda ake kira Balbus Ƙarami don a bambanta shi da baffansa.

Ra'ayina a kan wannan mutum a taƙaice yake. Balbus ya kai hari Fazzan, ya yi galaba a fagen fama, ya koma gida ya sha kirari. Sai dai bai ci Fazzan ba. Ɗalibin da ya kasa rarrabe waɗannan abubuwa biyu zai karanta tarihi a karkace, zai kuma saurari labaran zamaninmu a karkace.

Kalmomi uku da ya kamata a tsare

Hausa ta riga ta yi mana aikin rarrabewa. Akwai hari, wato a faɗa wa gari, a kwashi ganima, a juya kafin gari ya waye. Akwai cin gari, wato sarkinsa ya miƙa wuya, a naɗa masa mai lura, ya riƙa aika gandu kowace shekara. Akwai kuma amana, wadda a cikinta gari ke riƙe sarkinsa da al'adunsa, ya biya abin da aka yanka masa don a bar shi ya zauna lafiya. Kakanninmu ba su cakuɗa waɗannan kalmomi ba, domin bambancinsu shi ne bambancin kwana a gida da kwana a daji. Da wannan ma'auni za mu auna Balbus.

Mene ne kwansul?

Rumawa na cewa a shekara ta 509 kafin Miladiyya suka kori sarkinsu na ƙarshe, suka raba ikonsa tsakanin mutum biyu da ake zaɓa kowace shekara. Kowane ɗayansu ana kiransa kwansul. Su ke jagorantar majalisar dattawa, su ke jan runduna zuwa yaƙi, kuma kowanne na da ikon taka wa ɗan'uwansa birki. Da sunayensu ake ƙirga shekaru, kamar yadda tsofaffinmu kan ce an haife su a zamanin Sarki wane. Kafin mutum ya kai wannan matsayi sai ya hau matakala: ya riƙe ma'aji, ya riƙe alƙalanci, sannan ya nemi kwansul. In ya sauka, akan tura shi wani lardi ya yi gwamna da ikon kwansul a hannunsa.

Muƙamin ya daɗe a hannun 'yan tsirarun gidaje na birnin Rum. Shi ya sa labarin gidan Balbus ya zama abin mamaki. Mutanen Gades ne, wato Kadis ta ƙasar Sifaniya a yau, tsohon garin 'yan kasuwar Finikiyawa. Janar Fomfi ne ya ba Balbus Babba 'yancin zama ɗan ƙasar Rum saboda taimakon da ya yi a yaƙin Sifaniya, aka tabbatar da kyautar a shekara ta 72 kafin Miladiyya, ɗan ɗan'uwansa ma ya samu tare da shi. A shekara ta 56 maƙiya suka kai Babban kotu suna cewa 'yancin nasa na jabu ne, mashahurin lauya Sisero ya kare shi, ya kuɓuta. Ya zama amintaccen Yuliyas Kaisar, mai kula da dukiyarsa da wasiƙunsa. A shekara ta 40 ya zama kwansul, kuma shi ne mutum na farko da aka haifa a wata ƙasa ya riƙe wannan kujera.

Ƙaramin da halinsa

A inuwar wannan baffa Ƙarami ya tashi. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Kaisar da Fomfi a shekara ta 49, Kaisar ya mai da shi ɗan aike na sirri, ya tura shi ya shawo kan kwansul Lentulus ya bar ɓangaren Fomfi. Marubucin tarihi Felleyus ya ruwaito cewa har cikin sansanin abokan gaba ya kutsa don wannan aika. Ƙarfin hali kam yana da shi, ba mai musun haka.

Amma akwai wata shaida da masu yabonsa ba su son a karanta. A shekara ta 43 yana riƙe da ma'ajin lardin Sifaniya ta nesa, a ƙarƙashin gwamna Asiniyas Foliyo. A watan Yuni na wannan shekara Foliyo ya rubuta wa Sisero wasiƙa, wadda ta tsira har zuwa yau. Ya ce ma'ajin nasa ya tattara kuɗi da zinariya da azurfa na haraji, bai biya sojoji albashi ba, ya ƙetare teku zuwa wurin Sarki Bogud na Mauritaniya ta da. Ya ce a Gades ya ƙara wa kansa wa'adin mulki, ya gudanar da zaɓen shekara biyu cikin kwana biyu, ya naɗa waɗanda ya ga dama. Ya ce ya sa an binne wani soja mai suna Fadiyas rabin jiki, aka ƙone shi da rai, mutumin na ta kururuwa cewa shi ɗan ƙasa ne. Ya ƙara da cewa Balbus ya sa an shirya wasan kwaikwayo a kan tafiyar da ya yi wurin Lentulus, ya zauna yana kallon labarin kansa har ya zubar da hawaye.

Gaskiya ne Foliyo na jin haushinsa, kuma shaidar mai fushi akan rage mata gishiri. Duk da haka, mai karatu ya riƙe wannan hoto na ƙarshe: mutum ne mai son ya ga an tsara labarinsa a dandali. Zai yi mana amfani nan gaba.

Zargin bai hana shi ci gaba ba. Da Agustas ya tattara ikon Rum a hannunsa, ya ɗaga Balbus zuwa sahun waɗanda suka taɓa riƙe kwansul, ya samu kujera a majalisar manyan limaman addinin Rum, sannan aka tura shi gwamnan lardin Afirka, wato Tunisiya ta yau da gaɓar tekun yammacin Libiya. Daga nan ne, wajen shekara ta 20 kafin Miladiyya, ya ja runduna ya nufi kudu.

Hawan nasara da jerin sunaye

Babu girmamawar da ta kai hawan nasara a wurin Rumawa. Majalisar dattawa ce ke amincewa da shi. Jarumi ya shiga birni a keken doki huɗu, a gabansa ganima da fursunoni da alluna ɗauke da sunaye da siffofin garuruwan da ya ci, a bayansa sojojinsa. Filini Babba, wanda ya kammala littafinsa na ilimin halittu wajen shekara ta 77 Miladiyya, ya ce Balbus ne kaɗai haifaffen wata ƙasa da aka yi wa wannan hawa. Shi ne kuma na ƙarshe da ba sarki ba, ba kuma ɗan gidan sarauta ba. Allon dutsen da aka zana sunayen masu hawan nasara tun daga Romulus da sunansa ya ƙare.

A ganina waɗannan abubuwa biyu ba sa rabuwa. Agustas ya ɗanɗani abin da janar mai farin jini ke iya yi wa ƙasa, don shi kansa ta wannan ƙofa ya shigo. Baƙo daga Gades, wanda ba shi da dangi masu tsohon suna a birni, ba zai iya tara jama'a a bayansa ba. An iya ba shi keken doki huɗu ba tare da an rasa barci ba. Ga shi kuma sarautar na bukatar labarin cewa ikonta ya kai ƙarshen duniya: mawaƙin fada Barjil, wanda ya rasu a wannan shekara ta 19, ya ambaci Garamantawa da Indiyawa a matsayin iyakokin da mulkin Agustas zai zarce.

Filini ya adana mana abin da aka zagaya da shi. Ban da Kidamus, wato Gadamas, da Garama, wato Jarma babban birnin Garamantawa, ya lissafa sunaye sama da 20 na garuruwa da ƙabilu da koguna da duwatsu. Wanda ya duba jerin da idon basira zai ga abubuwa uku. Na farko, Filini kansa bai san ko ɗaya daga cikin sunayen, Bubeyum, gari ne ko ƙabila ba. Na biyu, masanin Faransa Jehan Desanges ya nuna cewa da yawa daga cikinsu na kudancin Aljeriya ne, wajen Biskira, nesa ƙwarai da Fazzan. Ke nan an haɗa fita daban-daban ne aka zuba a faifai ɗaya. Na uku, ba a ambaci gwamnan da aka bari a Jarma ba, ba sansanin soja, ba harajin shekara.

Wannan jeri ya ruɗi mutane har a zamaninmu. A tsakiyar ƙarni na 20 wani Bafaranshe mai bincike a Sahara, Henri Lhote, ya ga sunan kogi Dasibari a ciki, ya ce ya yi kama da Isa Ber, sunan da Songhai ke kiran kogin Kwara. Daga nan ya yanke cewa sojojin Rum sun kai bakin Kwara. Mafi yawan masana ba su karɓi wannan ba, domin kamar suna kaɗai ba hujja ba ce. Amma har yau ana cin karo da maganar a shafukan intanet tamkar tabbatacciya. Ɗalibin harshe ya fi kowa sanin wannan tarko: kalmomi biyu kan yi kama a kunne alhali ba uwarsu ɗaya ba.

Masu rijiya

Su wane ne mutanen da aka ce an ci? Herodotus Bagirke ya ambace su tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ce al'umma ce mai yawa, masu noman dabino da kiwon shanu da kekunan doki huɗu, kuma tsakaninsu da gaɓar teku tafiyar kwana 30 ce. Marubutan Rum sun fi siffanta su da 'yan fashin hamada. Haƙar da Charles Daniels ya yi tsakanin 1958 da 1977, da wadda David Mattingly ya jagoranta daga 1997, ta nuna wani abu dabam.

A kwarin Wadil Ajal, yamma da Sabha, an gano hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa sama da 500, waɗanda ake kira fuggara. Akan haƙa rijiyoyi a jere daga gindin dutse, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kimanin mita 10, wasu zurfinsu ya kai mita 40, sannan a haɗe gindinsu da rami mai ɗan gangare. Ruwa ya gangaro da kansa zuwa gona, ba guga ba jigo. Da wannan suka noma alkama da sha'ir da inabi da ɓaure da dabino, daga baya suka ƙara da gero da dawa da auduga, amfanin da Bahaushe ya sani tun yana goye. Suna da garuruwa masu ganuwa, da kaburbura dubbai, da rubutu wanda dangin Tifinag ne na Abzinawa.

Ba na cewa waliyyai ne. Herodotus ya ce suna farautar mutanen kudu da kekunansu, kuma masana da yawa na ganin bayi ne suka haƙa waɗannan ramuka masu haɗari. Ruwan ma tsohon ajiya ne na ƙarƙashin ƙasa wanda sama ba ta mayarwa, da ya ja baya ƙarfinsu ya ja baya. Abin da nake nufi shi ne, a hamada iko yana bakin rijiya. Filini da kansa ya yarda da haka: ya ce hanyar zuwa ƙasarsu ta gagara, domin sukan rufe rijiyoyi da yashi. Wannan furuci ya fito ne daga marubucin da ya gama lissafa garuruwan da aka ci. In an ci ƙasa, yaya hanyarta za ta gagara?

Abin da ya biyo baya shi ne alƙali. Daga shekara ta 17 zuwa ta 24 Miladiyya Takfarinas ya tayar wa Rum da ƙayar baya a arewacin Afirka, kuma Tasitus ya ce sarkin Garamantawa ne ke ɓoye masa ganima yana aika masa mayaƙa. Da aka kashe Takfarinas suka aika jakadu Rum don gyara zumunci, abin da mai cin gashin kansa ke yi. A wajen shekara ta 70, mutanen Oya, wato Tarabulus, suka gayyato su yaƙi da maƙwabciyarsu Labda, suka zo har bakin ganuwarta, sai da Faleriyas Festus ya kore su. Shekara kusan 90 ke nan bayan hawan Balbus. Kuma da Sarki Saftimiyas Seferus ya zo gina sansanonin kan iyaka a farkon ƙarni na 3, a Bu Najim da Gadamas ya gina su, arewa da Fazzan. Ita Fazzan a wajen katanga ta zauna.

Hujjar masu kare shi

Mai adalci zai ce: ai ratsa wannan hamada da runduna, a kai Jarma, a dawo da rai, ba ƙaramin aiki ba ne. Haka ne, kuma na ba shi wannan. Zai ƙara da cewa bayan harin ne kayan Rum suka cika Fazzan, tulunan man zaitun da na giya, da kayan tangaran da na gilashi, waɗanda ake tonowa a kaburburan Garamantawa. Wannan ma gaskiya ne, amma cinikin ya fi bunƙasa ne daga ƙarshen ƙarni na 1 Miladiyya, bayan an daidaita. Batlaimus ya ruwaito cewa a wannan zamani wani Yuliyas Maternus ya taso daga Labda, ya yi tafiyar wata huɗu kudu da Jarma zuwa ƙasar Agisimba mai karkanda. Da wa ya tafi? Da sarkin Garamantawa, a cikin rundunar sarkin. Inda takobin Balbus bai kai ba, baƙon da ya yi sallama ya kai.

Shi kuwa Balbus ya koma Rum ya gina gidan wasan kwaikwayo da sunansa, aka buɗe a shekara ta 13 kafin Miladiyya. Marubucin tarihi Diyo ya ce a ranar kogin Tiber ya yi ambaliya, sai a kwalekwale ya iya shiga. Wanda ya yi kuka a dandalin Gades ya ƙare da gina dandali. Ragowar ginin na nan a birnin Rum. A Fazzan kuwa ba a san wani gini nasa ba.

Darasin da aka ƙi koya

Fazzan ta maimaita wannan darasi. A ƙarshen ƙarni na 16 Turkawan Tarabulus suka mamaye ta, Sarki Nasir na gidan Aulad Muhammad ya gudu Katsina. Suka bar 'yan tsaro suka koma, mutanen ƙasa suka hallaka 'yan tsaron, Nasir ya dawo gadonsa. A watan Maris na 1914 Kanar Miani na Italiya ya shiga Murzuk, jaridun ƙasarsa suka yi ta murna. Kafin shekarar ta ƙare an ƙwace sansanin Sabha, rundunarsa ta janye arewa. Graziani ya sake mamaye yankin a 1929 zuwa 1930, gwamnatin Musolini ta turo masu haƙar kayan tarihi a 1933, da zuciyar nuna cewa Italiya gadon Rum ta dawo karɓa. A watan Janairu na 1943 sojojin Faransa na Janar Leclerc suka shigo daga Chadi, zancen gadon ya ƙare. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Mu ma a gida muna da misali. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi gagarumar nasara a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maradi Rauda suka faɗi. Amma Maradi ba ta ciwu ba, Gobirawa suka sake kafuwa a Tsibiri, kuma hare-haren Ɗan Baskore sun addabi ƙasar Katsina shekaru da yawa bayan haka. Bello ya fahimci abin da Balbus bai damu da shi ba, shi ya sa ya dage kan gina ribaɗi a kan iyaka, a zaunar da mutane su yi noma su yi tsaro, shi kansa ya tare a Wurno har ya rasu a 1837. Nasarar yini ɗaya ba ta riƙe ƙasa sai an zauna a cikinta.

Ga inda abin ya shafe mu a yau. Sau nawa muke jin sanarwa cewa an fatattaki 'yan bindiga, an ƙwato garuruwa kaza, a jero sunayensu a rediyo, a nuna bindigogi a gaban kyamara? Wannan allunan Balbus ne. Ban ce ƙarya ne ba, kuma jinin sojan da ya zuba abin girmamawa ne. Amma tambayar da za a yi ita ce ta rijiya. Wa manomi ke biya kafin ya shiga gonarsa? Mata na zuwa ɗiban ruwa ba rakiya? Kasuwar ƙauye na ci har la'asar? Malamin firamare ya dawo yana kwana a garin? In amsar ba ta yi daɗi ba, to hari aka kai, kuma ya kamata a kira shi da sunansa, domin wanda aka gaya wa an ci gari zai kwashi iyalinsa ya koma, shi ne zai biya kuɗin kalmar da aka yi wa ƙari.

Kammalawa

Ya kai ɗalibi, in ka ci karo da jerin garuruwan da wani sarki ko janar ya ci, a littafin Rumawa ne ko a tarihin sarakunanmu, ka yi wa jerin tambaya uku: wa ya rubuta shi, don wa aka rubuta, kuma me ya faru a waɗannan garuruwa bayan shekara goma? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma su Garamantawa ba a bar mana tasu waƙar ba, sai ramukan ruwansu da kaburburansu. Balbus ya cancanci a tuna shi a matsayin baƙon da ya kai ƙololuwar daraja a Rum, da jarumin da ya ratsa hamada ya hangi Jarma ya shiga ya fita. Kalmar da ta dace da aikinsa a Fazzan ita ce hari. Dabinon Ghuddwa da na Wadil Ajal wasu ne suka shayar da shi kafin zuwansa, su ne kuma suka ci gaba da shayar da shi bayan ƙurarsa ta kwanta.